Notin da na gani na yi shiru

Shekarun baya, lokacin ina zaune a unguwar Highbridge, gwiwoyina kuma ba su fara ƙara ba, na kamu da son gangaro dutse da keke. Ina aiki a wani shagon gyaran kekuna a Harlem. Duk Lahadi lokacin zafi sai in ɗaura kekena a bayan mota in yi arewa da birni, wurin da ake hawa da mutum saman dutse a kan kujerun da igiyar ƙarfe ke ja, ya gangaro ta cikin daji, ya sake komawa layi.

Ni na jawo abokina cikin harkar. Mai walda ne, yana zaune a Parkchester, masallaci ɗaya muke Juma'a. Ranar farko sau huɗu ya sha ƙasa, ni kuwa ina ta zuba masa darasi kamar a kan keke aka haife ni. Ba zan ɓoye muku ba, zama malaminsa ya yi mini daɗi ƙwarai.

Kekunanmu iri ɗaya ne, tsofaffi, kuma suna da ciwo guda. Idan ka shiga gargada ka danne birkin baya, sai shokozobar ta sandare, tayar ta daina bin ƙasa ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya. Dalili shi ne, birkin a jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar yake ɗaure. Da ya cafke faifan da ke jikin tayar, sai tayar ta murɗa ƙarfen nan, shi kuma ya danne shokozobar a daidai lokacin da ka fi buƙatarta. Ni na yi masa wannan bayani a mota, har da zane a bayan takardar shawarma. Na ce masa haka Allah ya yi su, sai haƙuri.

Ashe shi bai haƙura ba. Duk tsawon sanyin shekarar nan yana wurin aikinsa yana yanke-yanken ƙarfe. Da zafi ya dawo aka sake buɗe dutsen, sai ga shi da kekensa da wani sabon abu a baya. Ya cire birkin daga jikin ƙarfen tayar, ya ɗora shi a kan wani ɗan faranti mai boris da ke juyawa a kan gindin tayar, sannan ya haɗa farantin da gangar jikin keken da wani siririn sanda. Yanzu in ya taka birki, sandan ne ke ɗauke ƙarfin ya kai shi gaba, shokozoba kuwa tana ta aikinta ba ruwanta. Irin wannan birki akwai shi a wasu kekunan tsere, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙera nasa da hannu ba.

"Mutumina, ka sa wa keke sandar tsoho?" Haka na ce, ina dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ai zanenka na bi, malam," in ji shi.

Gangarowa ta farko ya wuce ni a wurin da ya fi ko'ina gargada. Tayarsa manne da ƙasa, tawa tana rawa. Da muka sauka, mutane suka zagaye kekensa, wannan ya durƙusa, wancan ya ɗauki hoto, wani dattijon Bature har yana tambayar ko zai yi masa irinsa. Ni mai gyaran kekuna ina tsaye a gefe riƙe da hular kwanonsa. Sati uku ana haka. A gida maiɗakina ta ce, "Wai kai da kake zuwa wasa, me ya sa kake dawowa kamar wanda ya je gaisuwar mutuwa?" Na ce gajiya ce.

Lahadi ta huɗu, muna layin hawa, kekensa yana gabana, idona ya faɗa kan notin da ke riƙe da sandan nan a jikin keke. Ya kwance, saura kaɗan ya fita. Aikina ne, na san abin da hakan ke nufi. In sandan ya fice, da ya taɓa birki farantin zai juya tare da taya, ya tsinke robar man birkin, ya bar shi ba birkin baya a tsakiyar duwatsu.

Sifanar ɗaure noti tana aljihuna. Kalma biyu ce kawai. Amma sai wata murya ta ce mini, bari dai abin ya ɗan ba shi kunya, a san ba kowa ne makaniki ba. Muka hau kujera ɗaya, yana ta ba ni labarin 'yarsa ta fara tafiya, ni ina kallon bishiyoyi ina cewa ma sha Allah. Kusan minti goma muka yi a sama, ban buɗe baki ba.

Sai da ya sa hula ya harba ƙasa, na ga bayansa ya shige daji, sannan hankalina ya dawo. Ba kunya zai ji ba, wuyansa zai karye. Na bi shi ina ƙwala masa kira, "Tsaya! Notinka!" Iska ta kwashe muryar. Na saki keke da gudun da ban taɓa yi ba. Da na iso gargadar nan na danne birki, tayar baya ta yi tsallen da ta saba, ta watsar da ni a kan wani dutse. Na ji ƙashin kafaɗata ya ce ƙas.

Ƙarar faɗuwata ce ta tsayar da shi. Ya jefar da kekensa ya hauro da gudu.

"Sannu, sannu, kada ka motsa!"

"Duba sandanka," na ce da ƙyar.

Ya koma ya taɓa notin da yatsa biyu, sai ya faɗo a tafin hannunsa. Ya tsaya yana kallonsa, sannan ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

Kafin sati ya zagayo, labari ya cika masallaci cewa na karya kafaɗa don in ceci abokina. Matarsa ta riƙa aiko mana da tuwo da miyar kuka. Dattawa suna shi mini albarka. Wallahi karayar ba ta kai wannan yabon ciwo ba.

Sai da aka cire mini majanyin hannu na iya gaya masa. Muna zaune a motarsa, na ce, "Tun a ƙasa na ga notin nan. Ƙyashi ne ya rufe mini baki."

Ya ɗora hannunsa a kan sitiyari. Can ya ce, "Wannan ya yi mini zafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ka biyo ni. Ka bar ni in riƙe biyowar da ka yi ɗin."

Mun yi wata biyu gaisuwa kawai muke yi, daga baya muka koma yadda muke, har yau kuma muna tare. Abin da na koya shi ne, hassada ba lallai ta sa ka aikata komai ba, ya ishe ta ta sa ka yi shiru. Ni da nake ganin kaina mutumin kirki, minti goma na zauna kafaɗa da kafaɗa da uban yarinyar da ta fara tafiya, ina sane, ina cewa ma sha Allah.