Yadda Cire Tallafi Ya Mayar da Ni Bakin Murhu

Idan kuna da tukunyar gas a gida, ku ɗan ƙwanƙwasa ta da cokali ku saurara. In ta amsa da murya mai nauyi, ku gode wa Allah. Tamu kuwa tun watan jiya ƙara take yi ras, kamar ƙararrawar makarantar da aka kore ni a aji huɗu. To, ba kora ba ce sosai. Shawara muka yi da hedimasta, shi ya yi maganar, ni na ɗauki jakata. Wannan ƙarar ce ta tuno mini da kakata, domin ita ma mai buga abu ce ta kasa kunne, sai dai ita dutse take bugawa.

A Tudun Wada ta Jos na tashi, lokacin Baba yana aikin kuza. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, mu da wasu iyalai 'yan coci, kowa da murhunsa a bayan gida. Murhun Kaka duwatsu uku ne kamar na kowa, amma ba kowane dutse ba. Kun san a Jos dutse ba abin nema ba ne, shi yake neman ƙafarka. Duk da haka sai Kaka ta yi yini guda a gindin tsauni da guntun ƙarfe a hannu, ta buga wannan, ta saurara, ta ce maƙaryaci ne, ta wuce. Na taɓa tambayarta me take ji a ciki. Ta ce, "Kai maigida, miji ba ya shiga harkar murhu. In ka girma na faɗa maka."

Da damina abin yake tsananta. Yayyafi ya kwana uku bai ɗauke ba, sanyi ya shige ƙashi, itace ya jiƙe sharkaf. Sai ka ga Kaka a durƙushe tun da sassafe tana hura wuta, hayaƙi ya turnuƙe rumfa, idanunta jawur, hawaye na zuba cikin toka. Daga wannan hayaƙin ruwan wankanmu yake fitowa, daga nan gwaten acca yake fitowa da zafinsa. Daga nan kuma tarinta ya fito. Mu yara mun ɗauka tari wani ɓangare ne na girki, kamar gishiri.

Wata rana Baba ya shigo da risho sabo fil, kore, lagwani a zagaye, ya dire shi a gabanta.

"Inna, shan hayaƙi ya ƙare. Kananzir ya yi araha, gwamnati ce ta sauƙaƙa mana."

"Na roƙe ta ne?"

"Ba sai an roƙa ba, Inna. Man ƙasarmu ne."

"To ranar da ta fasa fa?"

Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya kunna mata, wuta ta tashi shuɗiya shar. Kaka ta ga wutar ba ta da girma, ta durƙusa ta hura mata iska kamar yadda ta saba, wuta ta mutu. Ta miƙe ta ce abin da ba ya son a taimake shi ba na gidan mutunci ba ne. Daga ranar risho ya zama wurin ɗora kwanon daddawa. Da Baba ya gaji da jin tarin, sai ya kwashe duwatsun nan uku ya jefa su a tafkin da masu haƙar kuza suka bari. Kaka ta yi mako ba ta amsa gaisuwarsa ba. A ƙarshe ta koyi risho, amma ba ta sake zuwa gindin tsauni ba, ni ma ban sake tambaya ba. Tarin kuma bai sake ta ba har ya raka ta kabari.

Shi ya sa da na tashi aure na yi wa amaryata alkawari ɗaya. Ban yi mata na mota ba, ban yi mata na gidan bene ba, na san kaina. Cewa na yi ba za ta sha hayaƙin itace a gidana ba. Na cika kuwa. Muka yi risho, da kananzir ya fi ƙarfinmu muka koma gas. Yanzu kuma ga shi ƙirjinta ba lafiya, likita ya ce ko hayaƙin turaren wuta ta yi nesa da shi.

Sai aka wayi gari aka ce an cire tallafi.

Jama'a, ni mutum ne mai son fahimta, aji huɗu ba wasa ba ne. Amma har yau ban san ranar da aka saka tallafin nan ba, balle in san kamanninsa. Ban taɓa riƙe shi ba, ba a taɓa kawo mini shi gida ba. Ashe shekara da shekaru muna zaune da baƙo a ɗaki, sai da ya tafi muka san yana nan. Na kira ɗana mai tuƙa keke mai ƙafa uku na haya na ce ya yi mini bayani. Ya ce na fetur aka cire. Na ce ni ba ni da mota, ko babur ba ni da shi, me ya haɗa fetur da tukunyar uwarsa? Ya ce, "Baba, komai a kan taya yake zuwa." Na ce to dankalin da ake nomawa nan bayan gari fa? Ya ce shi ma ba da ƙafarsa yake zuwa kasuwa ba.

Na koma wa rediyo. Wani mai ilimi ya ce dama manya ne ke cinye tallafin, talaka ba ya ganin komai. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, sai dai ban gane dalilin da ya sa da aka cire ni na rame su suna nan da tumbinsu ba. Wani ya ce kuɗin zai koma asibiti da makaranta. Na yarda da shi shi ma, ina nan ina jira. Wani kuma ya ce ƙona mai yana ɗumama duniya. A Jos! Na ce in akwai ɗumin a aiko mana da namu kason. Amma dai in hayaƙi ake gudu, ban ga hikimar da ta mayar da unguwarmu kaf kan itace da gawayi ba. Kowa ya yi magana sai in ji yana da gaskiya, in an kashe rediyo kuma tukunya tana nan wayam.

Da na ga bayani ba ya dafa ruwa, na yanke hukunci. Na gangara rafi na zaɓo duwatsu uku masu sulɓi, kyawawa, irin waɗanda ko baƙo ya gani zai yaba. Na jera su a bayan gida, na hura wuta, na ɗora ruwa, na tsaya ina kallon aikina kamar injiniya. Can sai ji na yi tau! Ɗaya ya tsage biyu, tukunya ta kife, toka ta wanke mini gemu. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, tana shirin tafiya coci, ta leƙo ta katanga ta ce, "Baba, dutsen rafi ka sa a wuta? Ai ya sha ruwa ya ƙoshi!" Ta aiko mini da bulo uku. Abin da ya ɗauki Kaka yini guda, bulo ya gama shi, ni kuma na tsufa ban san abin da take saurare ba.

Uwargida ta fito da mayafi a hanci.

"Malam, tashi ka ba ni wuri kafin ka ƙone mana gida."

"Ba inda zan tashi. Koma ciki."

"Kai da ko shayi ba ka taɓa dafawa ba?"

"Zan koya. Gwamnati ta ce a yi haƙuri a koyi sabon tsari."

Yanzu mako na uku ke nan ni ne mai murhu. Ita tana zaune a ɗaki tana ba da umarni ta taga, a rage wuta, a ƙara gari, a tuƙa da ƙarfi, wai tuwona da gudaji kamar hanyar unguwarmu. Abokaina na majalisa sun ce in an buɗe gidan abinci a sanar da su. Har yanzu ban san wa ya yi daidai ba tsakanin Baba da Kaka. Ita ta hango wannan rana, shi kuma ya ji tarinta.

Jiya da safe itacen ya jiƙe, na daɗe a durƙushe ina hurawa, sai tari ya sarƙe ni, ya ƙi tsayawa. Da na ɗago na ga uwargida a bakin ƙofa da kujerarta a hannu.

"Alkawarin naka bai ce in zauna a ɗaki ina jin wannan ba," in ji ta.

Na ce, "Hajiya, iskar ta juyo wajenki. Koma."

Sai ta ajiye mini kujerar, ta ce aƙalla in daina durƙuso, ta koma ciki.