Shayi Ba Sukari

Shekara arba'in da ɗaya cur, kowace Alhamis bayan la'asar, Ammu Hilmi, wato Kawu Hilmi, yana haɗa tebura biyu a kusurwar gidan shayin da ke Ibrahimiyya, cikin Iskandariyya. Ya goge su, ya shimfiɗa allon wasan jera haruffan Turanci, sannan ya sauko da ƙamus da wani gwangwanin biskit daga saman firji. Ƙamusin ya rabu da bangonsa tun da daɗewa, kuma daga shafi na tara yake farawa.

Masu wasan likitoci ne da injiniyoyi da malamai, mutanen da suka yi jami'a kuma ba sa bari a manta. Alƙalinsu kuwa mai kawo shayi ne, wanda ya bar makaranta a aji huɗu. Turancinsa ya tsinto shi a jaridun da ma'aikatan jiragen ruwa ke mantawa a kan kujeru, da wasan cike gurbin kalmomi da suka gaza ƙarasawa. Mai gidan na lokacin, wani Bagirke da ake kira Hawaja Stavro, ya gaji da tambayoyinsa, ya jefa masa ƙamus don ya huta.

Dokar Ammu Hilmi guda ce: kalmar da ba ka san ma'anarta ba, ba taka ba ce. In mutum ya jera wata baƙuwar kalma, abokin wasa sai ya buga cokali a jikin kofi. Hilmi ya ajiye faranti ya zo ya tsaya. "Me take nufi, Basha?" Haka yake kiran kowane mai wasa don girmamawa. In Basha ya sani, shi ke nan. In ya fara kallon fanka, sai ya kwashe haruffansa, kuma shayinsa na gaba ya zo ba sukari. A garin da ake zuba cokali huɗu a ƙaramin kofi, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Kalmar kuma a rubuta ta a bayan kwalin sigari da ma'anarta cikin Larabci da sunan wanda ta kayar, a jefa a gwangwani.

Madam Afaf, wadda ta koyar da Turanci shekara talatin, ta sha wannan shayin sau biyu, kuma har yau tana iya faɗin ranakun. Da Injiniya Murkus ya yi shanyewar ɓarin jiki harshensa ya karye, Hilmi ne ya riƙa zuwa gidansa ranar hutunsa da gwangwanin, yana ciro kwali yana tambaya. 'Ya'yan Murkus sun ce kalmar farko da ubansu ya mayar cikakkiya sunan wani kifi ne da ba a taɓa gani a Masar ba.

Kai ne, Ammu Hilmi, ka riƙe wa masu digiri Turancinsu, kana tsaye su suna zaune.

A bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ce zai ajiye aiki ya koma wurin 'yarsa a Damanhur. Nan take Dakta Wagdi, likitan haƙori, wanda sunansa ya fi na kowa yawa a gwangwani, ya kawo shawarar ci gaba: waya ta zama alƙali. In ta ce akwai kalmar, to akwai ta, ba ruwan kowa da ma'ana. Yawancin teburin suka gyaɗa kai, domin kowa yana son sukari. Aka tsayar cewa dokar za ta tafi tare da mai ita.

Alhamis ta ƙarshe, Wagdi da Afaf ne a allo. Bai taɓa cin ta ba cikin shekara ashirin. Saura haruffa uku a hannunsa, ya jera su, z da a da x, makinsa ya haura nata. Ya ɗaga waya sama.

"Ga shi nan, akwai ta! Madam, a yi haƙuri, zamani ne."

Afaf ta ɗauki cokali ta buga kofi.

Hilmi ya taho yana lalubar bayan kujeru. "Me take nufi, Dakta?"

"Haba, Ammu Hilmi! Yau ma? Ranar bankwana?"

"Sai magariba nake tashi aiki, Basha."

"Taɓa wayar mana," in ji Afaf. "Ai tana da ilmi, ko mai ita ba shi da shi."

Taɓawa ɗaya ce tsakaninsa da nasara, kuma Hilmi ba zai gani ba. Wagdi ya daɗe yana kallon tsohon, wanda ya buɗe ƙamus bisa al'ada, yana riƙe da shi a juye.

"Ka rufe littafin nan, Ammu," ya ce a hankali. "Faɗa min kawai."

"Ƙaramin gatari ne da masu rufin ɗaki ke sare dutse da shi. Ta taɓa kayar da kai, Dakta, shekarar da ka aurar da ƙanwarka. Tana cikin gwangwani."

Aka zazzage kwalaye, aka same ta, da sunansa a ƙasa. Wagdi ya kwashe haruffansa ɗaya bayan ɗaya, ya sa waya a aljihu. "Kawo shayin. Kuma gwangwanin nan ni za ka bar wa, tunda rabinsa tarihina ne."

Mun gode, Ammu Hilmi. Ba a rataya hotonka a bango ba, domin wurin na kalandar kamfanin lemo ne. Amma ka tafi Damanhur da sanin cewa ana nan ana buga cokali. Ku kuma da kuke riƙe da wani ɗan aiki da babu mai yabawa, ku riƙe shi yadda ya riƙe nasa, har mai gardama ya gaji ya gaje ku.

Yanzu Dakta Wagdi ne ke tambayar ma'ana, kuma ya fi Hilmi rashin tausayi. Makon jiya ma shi da kansa ya hana kansa sukari.