Kwamfutar da Na Hana Kuka

Kwamfutar farko da ta shigo gidana tsohuwa ce da aka jingine a biro, wato ofishin da nake aiki a Tasawa. Ni ne mai buga takardu a can, kuma duk abin da ya lalace ni ake kira, ba don na iya ba, sai don ba na iya ganin abu a rufe in bar shi. Na ɗauko ta a bayan babur, na lallaɓa ta har ta tashi. Da ta tashi ɗin kuma sai ta ƙi yin shiru. Fankar cikinta 'yar ƙarama ce mai baƙar zuciya, tana ruri kamar injin niƙa, in zafi ya yi yawa ta ƙara wuta. Matata takan ce tun daga ƙofar gida ake sanin ina ɗaki.

A shekarar ne damina ta yi gardama, hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe, da rani kuma sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Mu abin da muka gani na juyin mulkin shi ne kiɗan soja a rediyo da ƙarin shinge a hanya. Yunwa kuwa ba a rediyo muka ji ta ba. Rumbunmu na ƙauye, can bayan Attantane, ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Ƙannena suka tafi ci-rani kudu, aka ɗoro mahaifiyata a amalanke har bakin hanya, mota ta ƙaraso mana da ita. Ta zo da ɗan ƙullin irin gero a gefen zane, ta ce ko yunwa za ta kashe ta ba mai taɓa shi. Ta kuma faɗa tun ranar da ta sauka cewa ruwan shuka na zuba za ta koma.

Ni ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta zama inda nake zaune. In tana son wani abu daga gare ni, sai ta dubi matata ta ce, "Ki ce ma mutumen naki," alhali ga ni tsaye taku biyu. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Kunya ce ta ɗan fari, haka uwarta ta yi wa nata. Amma ni mutum ne mai ƙaiƙayin son sani, kuma abin ya daɗe yana cina.

Wata rana bayan azahar ina ɗaki ina buga aikin biro, kwamfuta na ta ruri. Inna da matata suna zaune a inuwar bakin ƙofa suna tsinkar zogale. Sai na ji muryar Inna ta sake, irin sakewar da ba ta yi in ta san ina kusa. Labarin babbar yunwar da aka yi ina goye take bayarwa. Ina da ɗan makirfo da nake gwaji da shi, na miƙa hannu a hankali na juya shi wajen ƙofa, na danna ɗauka, na ci gaba da buga maɓallai don kar a gane.

"Ita ma waccan da kiɗan soja ta zo," in ji Inna. "Ɗiyan itacen hanza munka riƙa jiƙawa kwana da kwanaki kahin ɗacin ya hita. Gidan tururuwa munka tona muna neman tsaba. Nono ya ƙahe mini ƙaf. Shi ko wanga, kukan ma ya daina. Na iske wasu Buzaye bakin rijiya da 'yan awakinsu da sunka rage. Wata mata cikinsu ta tatsa ta ba shi, ya sha. Na ce mata, riƙe shi, ya zama naki, wurinki ya rayu. Na kwance shi na miƙa mata, na juya. Na yi tahiya tun hantsi har la'asar."

Yatsuna suka tsaya a kan maɓallai. Shekara talatin da wani abu ina duniya, ba wanda ya taɓa gaya mini an ba da ni. A daidai nan ne la'ananniyar fankar ta ji zafi ta ƙara ƙarfi. Ina jin Inna na magana, ina jin matata ta ce, "Wayyo Inna," amma kalma ɗaya ban tsinta ba. In na kashe injin ɗaukar ta tsaya, kuma su gane ina saurare. Haka na zauna gumi na zuba har suka tashi.

Na saurari abin da na ɗauka ya fi a ƙirga. Ruri ne kawai, muryarta can ƙasa kamar ta mai magana daga cikin rijiya, daga inda ta ce "har la'asar" kuma babu ita sam. Na san ta koma ta ɗauko ni, tun da ga ni. Abin da ya juyo da ita nake son ji. Na tambayi matata, ta ce, "Malam, ni aka ba labari, ba kai ba." Na yi fushi, na yi lallashi, ta ce amana ce. Sai na rantse zan haɗa kwamfutar da ba ta ƙara ko kaɗan, in zaunar da Inna ta maimaita, in ji da kunnena, in kuma ajiye muryar tas. Matata ta ce ga rakoda a gidan maƙwabta. Na ce rakoda shirme ce. Gaskiya ita ce na daɗe ina ƙwaɗayin haɗa kwamfuta da hannuna, sai ga dalili ya faɗo mini.

Ina da aboki mai gyaran kwamfuta a Maraɗi, mutum mai haƙuri wanda na kusa ƙarar masa da shi. Shi ya koya mini cewa abu uku ke kuka a cikin injin: fankar da ke sanyaya ƙwaƙwalwarta, fankar akwatin wuta, da diskin da ake ajiya a ciki. Na ce to a cire fankokin baki ɗaya. Ya dube ni ya ce, "A Tasawa? Da bazara? Ƙwai kake son soyawa ko mi?" Dabarar, in ji shi, ita ce babbar fanka mai juyawa a hankali, don ƙanana ne ke ihu. Sannan a samo ƙwaƙwalwa marar cin wuta, wadda ba ta zafi sosai, ko da ba ta da gudu. Wannan ya tsaya mini a rai. Na kwana uku ina kai-kawo tsakanin mai gudu da mai sanyi, in zaɓi wannan da safe in warware da yamma, har ya ce in na sake kiransa a kan maganar zai kashe salularsa. Na ɗauki mai sanyin.

Kayan ba a Maraɗi suke ba, sai an sa 'yan kasuwa masu zuwa Kano su taho da su, wani lokaci su kawo abin da aka ce, wani lokaci su kawo abin da suka ga dama. Akwatin wuta na farko yana wani siririn kuka irin na sauro. Abokina ya ce shi bai ji komai ba. Na ce ni na ji, a mayar. Na biyu shiru yake, amma da wuta ta ɗan yi rauni sai ya riƙa ƙas-ƙas, wutar Tasawa kuwa rauni ne halinta. Shi ma aka mayar. Kowace mayarwa sai ta ci mako ko fiye. Ranar hutu ba na zama gida, ina tasha ina jiran mota ta cika, ina ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ina faɗa da direba.

A shingen kan hanya wani soja ya buɗe kwalina ya zaro ƙarfen da ake ɗora wa ƙwaƙwalwar, mai haƙora jere kamar mataji. Ya juya shi, ya auna nauyinsa a hannu.

"Mine ne wanga?"

"Na sanyaya ordinatar ne, kwamfuta ke nan, ranka ya daɗe."

"Da ka samo babba mu sanyaya garin," ya ce, ya mayar mini.

Diski ne ya fi ba ni wahala. Ba kuka yake ba, rawa yake, rawar ta bi ƙarfen akwatin ta zama gunji. Na yanko roba daga tsohon tiyub na babur, na rataye shi a tsakiya yana lilo, ba ya taɓa ƙarfe ta ko'ina. Ban taɓa jin kaina gwani kamar ranar ba. Tsohuwar kwamfutar kuwa na farke ta, na ciri abin da zan cira, na zare fankar nan da ta cuce ni na wurga ta bayan katanga da dukan ƙarfina.

Duk wannan lokacin gabas na canza launi. Kowace yamma Inna takan fito ta tsaya tana kallon can, ta kwance ƙullin irinta ta duba ta ɗaure. Matata ta ce, "Malam, hadari fa ya fara haɗuwa." Na ce saura fanka ɗaya, wadda ke hannuna tana ɗan huci. Ta ce, "Huci?" Na ce ba za ta gane ba. Na ƙara kwana tara a kan hucin nan.

Ranar da na gama, na kunna ta na kafa kunne a jikin akwatin. Ba don 'yar koriyar wutar da ke gaba ba, da na ce a kashe take. Na share ɗaki, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na kori kaji daga tsakar gida, na roƙi maƙwabciya ta dakata da daka. Sannan na ce wa matata ta shigo da Inna.

Ta shigo ta zauna a bakin tabarma, ta juya fuska ga bango. Na rufe ƙofa. Shirun da na yi wata biyu ina nema ya sauko mana, har ina jin numfashinta. Matata ta ce, "Inna, labarin nan na rijiya yake son ki sake." Inna ba ta motsa ba. Can ta ce, "Abin nashi ya mutu ne?"

"Yana aiki, Inna. Gyara shi ya yi, ba ya ƙara yanzu."

Inna ta karkata kunne wajen akwatin. Sannan ta ce, a hankali, "To ashe shina jin komi." Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara zanenta, ta buɗe ƙofa ta fita.

Na buga tebur har makirfon ya faɗi. Na ce wata biyu, wata biyu ina bin hanya kamar mahaukaci! Matata ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam, kai da iliminka. Ranar nan don ta ɗauka ba ka ji ne ta yi magana. Ƙarar nan ita ce zanar da ke tsakaninku. Kai ka cire ta da hannunka." Kunya ta kama ni, ta haɗu da baƙin ciki, na rasa inda zan sa kaina. Na zaga bayan katanga ina tona shara da sanda. Na samo fankar, fiffike biyu sun karye, awaki sun tattake wayar. Ko da lafiyarta ƙalau ma ba abin da za ta yi, don Inna ta riga ta san ina da kunne.

Kwana biyu bayan nan, da la'asar, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Washegari da sassafe Inna ta ɗaure kayanta. Ni da matata muka kai ta tasha, ina gaba da ƙunshinta tana baya nesa da ni. Da mota za ta tashi ta leƙo ta dubi matata ta ce, "Ki ce mishi Allah shi yi albarka." Ta yi wannan daminar da ta bayanta a ƙauye, ta rasu ana cikin girbi. Ba ta sake kwana a gidana ba.

Bayan an share makoki mun dawo Tasawa, wata safiya ina zaune a tsakar gida ba abin da nake yi. Matata ta jawo turmi kusa da ni, abin da ba ta saba ba, ta zuba gero, ta juya mini baya ta fara daka. Tana daka tana magana, ba da ƙarfi ba, sai na matso na tsinci kalmomin tsakanin saukar taɓarya.

Ta ce Inna ta ce tana cikin tafiyar nan da la'asar sai ta gamu da wata tsohuwa a hanya. Tsohuwar ta tsaya ta dube ta ta ce, "Ɗiyata, wa kike rarrashi?" Sai a lokacin ta lura: tun daga bakin rijiya take tafe tana jijjiga bayanta, hannunta na baya yana bubbuga majanyi, majanyin kuwa ba kowa a ciki. Nan take ta bar tsohuwar a tsaye. Ta juya da gudu.

Matata ba ta waiwayo ba. Ta ci gaba da daka, ta daɗe tana yi bayan geron ya daku, har sai da na gama share fuskata.