Baba Mai Makulli Zai Sauko Daga Dutse

Kafin rana ta yi zafi ya riga ya hau. Ya buɗe ƙatuwar ƙofar ƙarfe, ya share matakala, ya tuge ciyawar da ta tsiro a tsagar ganuwa, ya cika randar da ke gindin tsohuwar igwa saboda masu isowa da ƙishi. Baba Mai Makulli ke nan, mai gadin tsohon sansanin yaƙin kan dutse, inda ake hango tsohon gari gaba ɗayansa. Mu da muka san shi muna 'yan makaranta, yau 'ya'yanmu muke kai masa.

Bara na kai mahaifiyata. An rushe unguwar da aka haife ta an yi titi, ta dage sai ta hango wurin daga sama. A tsakiyar hanya ƙafa ta ƙi, ta zauna tana share hawaye. Sai ga Baba ya sauko da kujerarsa.

"Yaya, hau nan. Kai kuma ɗana, kama can, kar ka zubar min da 'yar'uwa."

Haka muka kai ta bakin ganuwa, sai dai idonta ba ya kai nesa. Baba ya kama hannunta ya nuna da shi.

"Gidan kam babu, Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma tsamiyar bakin rijiya tana nan, ga mutane a inuwarta."

"Tana nan?" Ta fashe da dariya. "Wannan tsamiyar ce ta karya min haƙori!"

Daga baya mai ɗaukar hoto na wurin ya gaya min gwiwar Baba ta daɗe da lalacewa, kuma ran nan da rarrafe ya ƙarasa sauka. Bai faɗa wa kowa ba.

Yanzu likita ya hana shi hawa, ƙarshen wata zai miƙa makullan. Da na yi masa jaje, cewa ya yi, "Ni dai a samo mai haƙuri da tsofaffi."

Baba, kai ne ka ba uwata dariyarta ta ƙarshe da na ji, don ba ta kai damina ba. Allah ya saka maka, ya sassauta maka ciwon nan. Mu kuma, in mun iske wani ya gaji a hanya, mu tsaya mu kama masa.