Ajiye Tsintsiyar, Madam

A gidanmu, can ƙauye kusa da Cadawa, gatse ba ya ɓuya. In na kifar da ƙwaryar fura, Inna takan ɗaga murya har kaji su watse, ta ce, "Madalla! Ga randa can, je ki fasa ta ita ma!" Ko ɗan goye ya san ba a taɓa randar. Kakata kuwa ba'a ce sana'arta: ta kira ni mai wuyan zalɓe, in tambaye ta inda ta jinginar da haƙoranta, mu yi dariya. Iyakar ilimina ke nan lokacin da aka kai ni Agiye.

Ƙauyenmu ba kolej. Wanda ya ci jarrabawa sai ya sami gidan da za a riƙe shi a gari, in bai samu ba ya koma gona. Ni gida ɗaya gare ni a duk Agiye, na Gwaggo, yayar Baba. Ranar da ta ce ta gaji, ranar lakol, wato makaranta, ta ƙare.

Gwaggo ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, kuma ba ta ɗaga murya. Safiyar farko na ɗauki tsintsiya, sai ta yi murmushi.

"A'a, Madam, ajiye. Hannun rubutu da shara? Kada mushe malaminku ya turo min jandarma."

Na ajiye. Na ce a raina, lallai mutanen gari sun san darajar karatu.

Washegari na nufi turmi. "Koma inuwa, ranki ya daɗe, rana ba ta san ƴan lakol ba." Na koma. Ni mai kunya ce, ban iya musu da manya ba, kuma gaskiya inuwar da daɗi. Mako biyu aka yi haka. Har saƙo na aika wa Inna cewa Gwaggo ƴar aljanna ce.

Sai aka fara kawo min tuwo a kwanon baƙi, mai furanni, wanda ke zaune saman kabad. Gwaggo ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "A ci lafiya." Na cinye, na suɗe.

Akwai wata jar akuya a gidan. Kullum in Gwaggo za ta ba ta dusa sai ta tsaya hira da ita: "Ci, Hajiya, ci. Ke kam kin more. Ba nono, ba ɗa, sai tuƙa da kashi. Wasu na daka, wasu na tauna."

Rannan na yi ƙarfin hali na sa baki. "Wallahi Gwaggo, akuyar nan raguwa ce."

Ta daɗe tana kallona. "Ko?" in ji ta.

Maƙwabciya ce ta buɗe min ido, ba da saninta ba. Kajinta ke shigowa su ci gyaɗar da aka shanya, kuma na sha jin Gwaggo tana yi musu addu'ar shaho. Ta shigo aron rariya, Gwaggo ta tare ta: "A'a, ranki ya daɗe, ke da kanki?" Muryar siririya, ƙarshen kalma a jaye, ƙofar hancinta ta hagu tana ɗan motsi. Na san hancin nan. Kusan wata guda yana motsa min.

Na waiga na dubi akuyar. Tana kwance a inuwa tana tuƙa. Ni ma ina zaune a inuwa, ƙuli a bakina.

Da yamma na ji Gwaggo ta tsayar da wani mai babur da ke zuwa ƙauyenmu. "Ka gaya wa ƙanena ya zo ranar kasuwa." Saura kwana uku.

Na yi tunanin in durƙusa in ba da haƙuri, amma habaici ba a amsa shi da baki. Da na je, cewa za ta yi, "Ni? Me na ce? Da akuyata nake." In tashi da kunya biyu.

Da gari ya waye na riga ta zuwa turmi, na kama muciya na fara juya tunkuza. Abin kamar tuƙa laka.

"Madam, ajiye."

Ban taɓa ƙin maganar babba ba.

"Na ce a ajiye, ranki ya daɗe."

Na sunkuyar da kai na ci gaba, har mai ya fara tasowa. Na tafi lakol ina warin gyaɗa. Kwana na biyu na yi shara, na ɗebo ruwa, ta wuce ni ta ci gaba da suyarta. Wannan ya fi murmushin ban tsoro.

Ranar kasuwa ba mu da karatu. Na zuba gyaɗa a kasko don in burge, na cika wuta, na juya neman mara. Kafin in dawo hayaƙi ya turnuƙe gidan. Daidai nan Baba ya yi sallama.

"Ke shashasha!" Gwaggo ta kurma ihu, har kajin maƙwabciya suka tsallake danga. "Hancin nan naki na ado ne? Kwano guda kin mayar min gawayi!"

Baba ya tsaya da hula a hannu yana tari. "Yaya, an ce kina nemana."

"Dube ta! Abin da kuka aiko min ke nan. Jaki ya fi ta sanin wuta."

"To... in tafi da ita?"

"Ka tafi da ita ina? Wa zai tsince min ƙonanniyar gyaɗar nan, kai? Wake na aika ka kawo min, ka zo min hannu na dukan cinya."

Mai babur bai ambaci wake ba, kuma duk mun sani. Amma Baba ya sa hularsa, ya nufi kasuwa ya sayo wa yayarsa wake, shi da ya bar buhu biyu a rumbu. Ni kuma na zauna a rana da faifai ina ware baƙa daga ja, Gwaggo ta wuce ta sakar min ranƙwashi, ta ce in na gama tukwane na jirana.