Faɗuwar Mahrus Mai Tuluna

A ƙauyen Kom Sahdan ko yaron goye ya san cewa bayan Mahrus mai tuluna bai taɓa taɓa ƙasa ba a wasan sanda. Abin da ba wanda ya tsaya ya lura da shi shi ne, ba a taɓa ganin ya kayar da kowa ba.

Allah ya ba shi ƙira. Kafaɗa kamar ƙofar masallaci, gashin baki mai lanƙwasa sama. Tun yana saurayi ya gane cewa mai irin wannan jikin ba ya bukatar faɗa, iya tsayuwa kawai yake bukata. Idan aka buɗe fili ranar maulidi, sai ya iso a makare, ƙurar jakinsa a rigarsa, ya dogara da sanda yana kallon masu wasa da tausayi. In wani ya matsa masa, sai ya sumbaci goshin mutumin ya ce, "Ni da mahaifinka mun ci gurasa da gishiri, ba zan sa uwarka kuka ba." Haka ya yi furfura da sunansa cas.

Mutum ɗaya ce ta san gaskiya, matarsa Nabawiyya, wadda ta taɓa ganinsa a kan randa saboda ɓera.

Bana kuwa abin ya zo da gardama. Dahi, wani matashi mai saran rake wanda ya rasa uba tun yana ciki, balle a ce an ci gurasa da shi, ya tsaya a gidan shayi ya ce ranar maulidi Kawu Mahrus yake so.

"Baban Sabri, ka ce zazzaɓi," in ji Nabawiyya, wadda da sunan ɗansu take kiransa.

"Na yi zazzaɓi bara."

"To ka mutu mana, ka huta."

Ana haka masu fim suka sauka daga Alƙahira da manyan motoci. Sun zo ɗaukar labarin jarumi Ukab, wanda masu goge ke rerawa tun kakannin kakanni, da karonsa da ƙato Sahdan, wanda mutanen ƙauyen ke cewa shi ne kakansu. A bakin masu goge, an yi kwana da kwanaki ana wannan karo. Kafin kowane sara sai jarumi ya jero baitoci ya yabi dokinsa, ya zagi dangin abokin gabarsa, in rana ta faɗi su ci tuwo tare su kwanta. Mai ba da umarni, Ustaz Midhat, ya ce shi yana son a gama kafin shayi ya huce, kuma da wuta tana ci a baya.

"Wuta daga ina, Ustaz?" wani tsoho ya tambaya.

"Daga ni, Baba."

Da Ustaz Midhat ya hango Mahrus yana sauke tuluna, ya ce ga Sahdan ya samu. Aikin ba wuya, ya ɗaga sanda, a kai masa duka, ya faɗi. Jama'a suka zuba ido su ga yadda zai wanke baƙon nan da zagi. Sai Mahrus ya shafa gashin baki ya ce, saboda martabar kaka, ya yarda.

Ba kakan ne a ransa ba. Lissafinsa shi ne, wanda ya faɗi a hannun Ukab ai bai faɗi a hannun mutum ba, kuma wanda ya faɗi da ƙarfi yana iya tashi da ciwon baya da zai wuce maulidi.

Ranar ɗauka duk ƙauyen ya hallara. Tauraron da ke fitowa a matsayin Ukab ɗan siriri ne mai ƙamshin turare, sandar ma da hannu biyu yake ɗaga ta. Ya kawo duka kamar mai korar ƙuda, Mahrus ya saki gwiwa ya fara tafiya ƙasa cikin farin ciki. Bai kai ba. Dattawa sun riga sun faɗo fili, kamar yadda suka saba in wasa ya zo inda za a kunyata babba, wannan ya tallafe shi ta hammata, wancan ya riƙe sandar tauraron.

"Ku yi salati ga Annabi! Ya isa haka, an yi kunnen doki!"

"Wane kunnen doki?" Ustaz Midhat ya yar da hularsa. "Mutuwa zai yi!"

"A garinku. Mu a nan yaudararsa aka yi yana salla," in ji wani dattijo.

Aka sake, suka sake shigowa. Mahrus yana cewa, "Ku ƙyale ni, don Allah," su kuwa suna cewa ji kawaici irin na manya. Sai da aka ja igiya aka tura kowa baya. Zuwa lokacin hannun tauraron ya sage, ya koma mota ana masa fifita. Ustaz Midhat ya ce a samo wanda ya iya sanda a naɗa masa rawanin Ukab ya rufe fuska, daga baya a haɗa da fuskar tauraro.

Wanda aka kawo, Mahrus ya gane shi tun daga faso na diddigensa.

"Kawu Mahrus," Dahi ya ce ta cikin rawani, "ashe ba sai maulidi ba."

"Kai, ɗan nan, wasa ne fa. Ka ji abin da Ustaz ya ce, a hankali."

"Kunnena ba ya ji sosai yau, Kawu."

Aka kunna wutar. Mahrus ya ga sandar ta taso daga can bayan kafaɗar Dahi, irin tasowar da ke raba rake da gindinsa. Bai jira ta ba. Saura kamu guda ta iso ya zube da baya, ƙura ta tashi, sandar ta wuce tana fito a iska.

"Madalla!" Ustaz Midhat ya yi tsalle. "Tashi, Baba, ka gama!"

Mahrus bai tashi ba. Yana kwance yana jin muryoyi daga bayan igiya suna cewa sandar ba ta taɓa shi ba, da kansa ya kwanta, ranar maulidi yaron zai gane kurensa. Ya runtse ido ya saki nishi.

Nabawiyya ta tsallake igiya da mayafi a hannu. A duk waɗanda suka yi wasa ranar, har da na Alƙahira, babu wanda ya kama ƙafarta. "Wayyo bayan Baban Sabri! Wayyo ginshiƙin gidana! Wane marar tarbiyya ne ya karya dattijo a wasan kwaikwayo?"

Idanu suka koma kan Dahi. Ya warware rawani, ya dubi dattawa, ya dubi sandarsa. In ya ce ya doke shi, ya zama wanda ya nakasa sa'an ubansa a cikin wasa. "Wallahi ban taɓa shi ba!" ya ce, da ƙarfin da kowa ya ji, ya kuma shaida.

A kan ƙyauren ƙofa aka kai Mahrus gida. Ranar maulidi aka ajiye masa kujera a gaban fili, yana girgiza kai yana gyara wa matasa riƙon sanda.

Da fim ɗin ya fito, aka kalle shi a gidan shayi. Karon kaka bai kai ƙiftawar ido uku ba, tsofaffi suka tashi suka fita suna tsaki, ba baiti ko ɗaya, doki ma ba a gaishe shi ba. Mahrus kaɗai ya ce a mayar baya a sake.

Har yau yana sayar da tuluna, yana ɗingishi da sandarsa. In zai fita da safe, Nabawiyya kan leƙo daga madafa.

"Baban Sabri. Ƙafar hagu ce mai ɗingishin. Jiya ma hagu ce."