Yaron da Aka Ɓoye a Randa

A Birnin Tudu, kakarmu Inna Kulu ba ta hura wuta don tatsuniya. Wutar gumi ce, ta turara shinkafa. Idan an kawo shinkafa daga gonakin Bakolori, sai ta ɗora rabin duro a murhu bayan magariba, mu jikoki bakwai mu kewaye ta, kowa da ƙoƙon tuwonsa. Har yau in na ji ƙamshin shinkafar da ake turarawa, muryarta nake ji. Takan zungura itace ta ce, "To, ga ta nan tafe, wa ka tarbonta?" Mu ce mu ne.

Akwai wadda ta fi yi mana. Wani yaro ne ya je wasa da wuta, ya ƙone rumbun maƙwabcinsu ƙurmus. Ya sheƙo gida. Uwarsa ta zubar da ruwan randa, ta cusa shi ciki, ta rufe da faifai. Da mutane suka zo, ta ce iska ce ta kai wutar. Kullum takan ɗaga faifan ta miƙa masa tuwo, ta ce ya ƙara haƙuri, maganar ba ta mutu ba. Shekaru suka wuce, mai rumbun ya rasu. Rannan ta fasa randar. Sai ga mutum da gemu, a dunƙule, gwiwa a haɓa, bayansa ya ɗauki siffar randa. Bai ƙara miƙewa ba.

Mukan fashe da dariya, yayana Sanusi har ya dunƙule yana birgima. Wata rana na ce, "Inna, ai da ta fito da shi, da sun kashe shi."

Ta juya shinkafarta kafin ta amsa. "Wa ya sani, Asabe? Ƙila su buge shi, ƙila su bar shi. Amma da uwatai na tsaye, ta riƙe mai hannu."

Shekara talatin da wani abu ban sake tuna wannan amsa ba, sai bara.

Ɗana Nura shekararsa goma sha shida. Tun rasuwar mahaifinsa, Yaya Sanusi ne uba gare shi. Wata Talata, ranar kasuwar Mafara, abokansa suka ba shi giya a wani kango, ya sha. Ya zo ya ɗauki makullin akori-kurar Yaya, ya hau hanyar Bakura. Bai yi nisa ba ya kwashe wani dattijo, Malam Ɗanjuma, da ke komawa gida a keke bayan ya sayar da albasa. Ya bar motar a gefen titi, ya biyo gonaki da gudu. Da ya shigo gida, warin bakinsa ne ya fara gaya mini abin da ya faru.

Yaya ya iso kafin la'asar. Ya rufe ƙofa ya ce, "Asabe, ba wanda ya ga fuskarsa. Mota tawa ce, ina da lasin, ban sha komai ba. Zan ce ni ne. Shi kuma yanzun nan a kai shi Maradun wurin Gwaggo, har ƙura ta lafa."

Haka ake yi a danginmu. Babba ya ɗauki laifin ƙarami, a tura ƙaramin ƙauye. Kuma don ƙauna ya faɗa, na sani. Har na fara cusa wa Nura kaya a jaka. Sai na dube shi. Yana tsugune a bayan ƙyaure, gwiwa a haɓa.

Na ajiye jakar. Na ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri. Amma ba za shi Maradun ba."

"Kin haukace ne? Ɗanki za ki kai da hannunki?"

"Da hannuna."

Na ɗauki takardar haihuwarsa, don kada a haɗa shi ɗaki da manya. Muka tsaya wurin wani lauya, ya biyo mu. A ofishin 'yan sanda Nura ya faɗi komai da bakinsa, har giyar. Hannunsa na cikin nawa. An tuhume shi da tuƙi cikin maye ba tare da lasin ba, aka ba ni belinsa bayan kwana uku.

An yanke wa Malam Ɗanjuma ƙafar hagu. Da na kai Nura asibiti ya durƙusa, dattijon ya dube shi ya ce, "Kai ne? Ai jikana ya girme ka." Bai ce ya yafe ba, ban kuma roƙe shi ba. Duk ranar Asabar, Nura na zuwa gonarsa ya yi masa ban-ruwan albasa. Yaya bai taka gidana ba wata biyar ke nan.

Inna ta gaya mana ƙarshen uwar da ta ɓoye ɗanta. Ba ta taɓa gaya mana ƙarshen wadda ta fito da nata ba, kuma yanzu na gane ba ta yi mini alkawarin komai ba. Riƙe hannun kawai ta ce. Litinin alƙali zai yanke hukunci, lauya ya ce mai yiwuwa a kai shi gidan horon yara. Na goge masa farar rigarsa. Na haɗa masa jaka, waccan jakar dai, ko da ba za mu dawo gida tare ba.